Furen okid da sunayensa masu karya harshe

Ranar da na fara sayen furen okid, ina isowa gida abun da na fara yi shi ne na zare wani ɗan farin katin roba da aka soke a gefen tukunyar na wurga a kwandon shara, don a ganina ɓata ma furen kyau yake yi, kuma rubutun da ke jiki ma ban iya karanta shi ba, wasu haruffa ne a cakuɗe kamar sunan maganin da likita ya rubuta yana sauri. Furen ya yi min sati biyar yana ƙayata falo, daga nan zafin watan Afrilu ya shigo, ganyen suka fara tattarewa kamar an yi musu kalmasa, kafin damina ta sauka ya mutu murus. Na yi ta zargin kaina wai ko ruwa ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan, sai daga baya da na ga hoton irinsa da sunansa na gane ashe tun ranar da na ɗauko shi an riga an gama magana, kakanninsa 'yan kan duwatsun Andes ne masu sanyi da hazo, ni kuma na kawo shi garin da ake kwana a tsakar gida saboda zafi. Katin nan da na jefar da na iya karanta shi da ya faɗa min haka tun a gaban mai sayarwa.

Toh bari mu fara daga tushe. Okid ba fure ɗaya bane, babban gida ne na tsirrai mai nau'i kusan 28,000, yana cikin gidajen tsirrai masu fure mafi yawa a duniya, kuma ko baka taɓa ganinsa a tukunya ba ka taɓa cin ɗansa, domin banila ɗin da ake sa wa kek da askirim daga kwanson wani okid ake samunta mai suna Vanilla planifolia. Sunan gidan ma kansa abun dariya ne, daga kalmar Girkanci orchis ya fito, ma'anarta 'ya'yan maraina, saboda wasu da ke fitowa a ƙasa a Turai suna da ƙullutu biyu a saiwarsu masu wannan siffa. Amma yawancin waɗanda ake sayarwa don ado ba a ƙasa suke rayuwa ba, a jikin bishiya suke maƙalewa, saiwoyinsu a waje suna shan iska da ruwan sama. Mutum zai ce ai kauci kenan, a'a, kauci huda reshe yake yi yana tsotsar ruwan bishiyar, shi kuwa okid wurin zama kawai ya ara, ba ya cin komai na mai masauki. Ka riƙe wannan don anjima zamu dawo kansa.

Sannan maganar haɗin iri. Mu a nan in an ce an yi wa shuka aure hankalinmu kan mangwaro ko lemo yake tafiya, a yanko reshen mai kyau a ɗaura a kan gindin wani, wannan daban ne, reshen nan yana nan yadda yake bai canza ba. Haɗin irin okid barbara ce ta gaske, a ɗauki garin furen wannan a sa a furen wancan, a samu iri, a shuka, ɗan da ya fito sabon abu ne da babu shi a daji. Kamar alfadari kenan tsakanin jaki da goɗiya, sai dai shi alfadari a nan zancen yake tsayawa don ba ya haihuwa, su kuwa 'ya'yan okid da yawansu suna haihuwa, a sake haɗa su da wani, jikokin ma a sake haɗawa, har ka samu fure ɗaya da jinin dangi huɗu ko biyar a jikinsa. Dalilin kuwa shi ne a daji abun da ke raba su galibi ba a cikin jiki yake ba, ƙwaron da ke ɗaukar garin wannan ba shi ke zuwa wajen wancan ba, ko lokacin furensu ya bambanta, ko wannan yana Barazil wancan yana Meziko. Kuma garin furen okid ba ya tashi a iska kamar na masara, a dunƙule yake ƙullutu-ƙullutu masu danƙo, da tsinken sakace zaka ciro shi ka manna a inda kake so. Da mutum ya shigo da tsinkensa sai katangar ta rushe.

Wanda ya fara yin wannan har furen ya buɗe wani ma'aikacin lambu ne mai suna John Dominy a gidan renon shuke-shuke na Veitch da ke Exeter a Ingila, wani likitan fiɗa John Harris ne ya nuna masa yadda ake yi, ya haɗa nau'i biyu na dangin Calanthe, furen ya buɗe a 1856 aka sa masa suna Calanthe Dominyi. Da aka kai wa John Lindley, wanda a lokacin shi ne uban masana okid, ya duba ya ce wa mai gidan lambun za ku haukatar da masana tsirrai. Wallahi bai yi ƙarya ba. Cikin shekaru hamsin abun ya yi yawan da sai da aka fara ajiye rajista, gidan Sander da ke St Albans suka fara buga jerin sunayen a 1906, suka riƙe aikin har 1961 lokacin da ƙungiyar masu lambu ta masarautar Birtaniya, wato RHS, ta karɓa, har yau kuma ita ke riƙe da littafin na duniya baki ɗaya. Sunayen da ke ciki sun haura 100,000 tuntuni, ka ga sun ninka na dajin sau da yawa, kuma kusan kowane ɗaya an rubuta uwarsa da ubansa da wanda ya haɗa da shekarar da aka yi rajista. Ni a ganina babu wata shuka da aka tsare ma nasaba irin wannan, sai dai ka kwatanta da dawakan sukuwa na Turawa.

Yanzu mu ɗauki kati ɗaya mu warware shi. Ga wani da ya shahara sosai: Onc. Sharry Baby 'Sweet Fragrance' AM/AOS. Kashi huɗu ne. Onc. ɗin nan taƙaitawa ce ta Oncidium, sunan dangi kenan, kamar ka ce wane Basulluɓe ne ko Bajoɓe. Sharry Baby shi ake kira grex, kalmar Latin ce kuma abun mamaki ma'anarta garke, wato duk 'ya'yan da aka samu daga haɗa Oncidium Jamie Sutton da Oncidium Honolulu garke ɗaya ne sunansu Sharry Baby, ko a Hawai aka haɗa ko a Taiwan, ko bara ko shekara talatin da suka wuce, ko wanne aka mayar uwa wanne uba, sunan ɗaya ne ba ya canzawa. In kai ma yau ka samo iyayen nan biyu ka haɗa a bayan ɗakinka baka da ikon raɗa sabon suna, an riga ka. Kuma ka lura da rubutun, sunan nau'in daji da ƙaramin baƙi ake fara shi kuma da Latin, kamar amabilis a cikin Phalaenopsis amabilis, shi kuwa sunan garke da babban baƙi, daga wannan kaɗai zaka gane ko ɗan daji ne a hannunka ko aikin ɗan Adam.

Amma 'yan garke ɗaya ba kamarsu ɗaya ba, kamar dai 'yan uwa ciki ɗaya, wani dogo wani gajere wani fari wani wankan tarwaɗa. Kwanso ɗaya na okid yana ɗauke da iri dubbai, a wasu nau'in har miliyoyi, ƙanana kamar ƙura, kowanne da halinsa. In mai lambu ya ga ɗaya ya fita zakka a cikinsu, ya fi ƙamshi ko ya fi girman fure, sai ya ba shi laƙabi nasa shi kaɗai a sa a tsakanin 'yan alamomin nan guda-guda, shi ne 'Sweet Fragrance' ɗin. Wannan laƙabin ba ya bin iri, in ka shuka irinsa 'ya'yan ba su gaji laƙabin ba, sai wanda aka raba daga jikinsa kai tsaye. Shi Sharry Baby ɗin ƙamshin cakulan yake yi, da safe in rana ta ɗan taɓa shi sai ka rantse wani ne ya buɗe kwali a falo.

Nan ne tambaya take zuwa, in shuka ɗaya ce tilo ya aka yi ake sayar da dubbanta a ko'ina? Abu biyu ne suka faru. Irin okid ba shi da guzurin abinci a cikinsa kamar wake ko gyaɗa, a daji sai wata irin fumfuna ta shiga cikinsa ta ciyar da shi kafin ya tsiro, wani Bafaranshe Noël Bernard ne ya gano haka a 1899, shi ya sa a da ake shuka dubbai a samu 'yan ƙalilan. A 1922 Lewis Knudson na jami'ar Cornell a Amurka ya nuna za a iya tsirar da su a cikin kwalba mai tsabta a kan wani abu kamar jeli da aka sa wa sukari da sinadaran taki, ba sai da fumfunar ba. Sannan a 1960 wani Bafaranshen kuma, Georges Morel, ya nuna in ka yanki ɗan mitsitsin kan toho ka sa a kwalba zai yi ta ruɓanya, kowane gutsure ya zama shuka cikakkiya sak irin uwar. Daga nan furen da a da sai attajirai da 'yan sarauta ya zama ana jera shi a kanti kusa da burodi, yau Taiwan da Holan da Tailan su ne manyan masu wannan harka. Duk da haka daga iri zuwa furen farko shekara uku ne zuwa bakwai gwargwadon dangi, don haka mai haɗa iri mutum ne mai haƙurin gaske, sai bayan shekaru yake sanin ko abun kirki ya haɗa ko shirme.

Kashi na huɗu, AM/AOS, lambar yabo ce. AOS ƙungiyar masu okid ta Amurka ce da aka kafa a 1921, alƙalansu suna ba fure maki cikin 100, makin ne ke nuna matakin lambar, daga 75 zuwa 79 HCC, daga 80 zuwa 89 AM, daga 90 zuwa sama FCC. In ka ga /RHS a ƙarshe to a Ingila aka ba shi. Lambar tana nuna kyan fure ne a ranar da aka duba shi, ba ta ce zai jure zafin Sakkwato ba, kar mai sayarwa ya ruɗe ka da ita.

Inda harshe yake karyewa kuwa shi ne in an haɗa dangi biyu daban. Sai a yanko rabin sunan wannan a liƙa da na wancan, Brassavola da Cattleya su ba da Brassocattleya, Laelia da Cattleya su ba da Laeliocattleya, in uku ne sai ka ji Brassolaeliocattleya, wanda ba mai iya rubuta shi a ɗan kati sai dai Blc. Da aka ga in aka ci gaba a haka suna ɗaya zai cinye layi guda sai aka kafa doka, in dangi huɗu ne ko fiye a ɗauki sunan wani mutum a ƙara masa ara a ƙarshe, in uku ne kuma kana da zaɓi. Haka aka samu Vuylstekeara daga sunan Charles Vuylsteke, wani mai lambu ɗan Beljiyam, da Potinara daga wani Bafaranshe Potin, da su Wilsonara da Beallara da Burrageara. Kenan duk sunan da ka ga ya ƙare da ara to barbarar yanyawa ce ta ƙarshe, kuma akwai wani mutum a ɓoye a farkon sunan. Irin wanda ya mutu a hannuna ana sayar da su da sunan Cambria, wanda asalinsa sunan garke ɗaya ne tak, Vuylstekeara Cambria, amma 'yan kasuwar Turai suka ga ya fi daɗin faɗa suka mayar da shi sunan duk wani mai kama da shi, kamar yadda mu ma duk garin sabulun wanki Omo ne, duk dunƙulen miya Maggi.

Kamar wannan ruɗanin bai isa ba sai ga binciken ƙwayoyin gado ya zo, masana suka duba suka ga wasu da ake ɗauka dangi daban ne ashe gida ɗaya ne, wasu kuma da aka haɗa ba su da alaƙa ta kusa. Aka narkar da Odontoglossum yawancinsa cikin Oncidium, Sophronitis ya koma Cattleya, Doritis ya koma Phalaenopsis, Ascocentrum ya koma Vanda. Da ka taɓa sunan kaka kuwa dole na jikoki ya motsa, shi ya sa Blc. da yawa suka zama Rlc. wato Rhyncholaeliocattleya, ka ji fa, an ce za a gyara an ƙara tsawo, Ascocenda ya zama Vanda kawai, Colmanara Wildcat ya zama Oncostele Wildcat. Masu lambu da yawa sun ƙi canza katinsu, tsofaffi suna nan a kan tsohon suna, don haka zaka iya sayen shuka ɗaya sau biyu da suna biyu kana murna ka samu sabo. Abun da ba ya canzawa shi ne sunan garken da laƙabin, in zaka bincika a intanet su zaka rubuta.

Shi sunan garke kuwa wanda ya yi rajista ke zaɓa, a nan ne mutane suke sakin jiki. Wani sunan matarsa, wani na 'yarsa, wani garinsu. In ka ga Memoria ko Mem. a gaba to mai sunan ya rasu, tunawa ake yi da shi. Gidajen renon Taiwan kuma sunan kamfani suke sawa a gaba, Sogo kaza, Brother kaza, Taisuco kaza, shi Taisuco ɗin ma kamfanin sukari ne na Taiwan da ya shiga harkar fure. Farin nan babba da ake jerawa a otal-otal da wajen biki sau da yawa Phalaenopsis Sogo Yukidian 'V3' ne. Akwai Fredclarkeara After Dark 'SVO Black Pearl' na Fred Clarke a Kalifoniya, furensa baƙi ƙirin kusan kamar gawayi, akwai Monnierara Millennium Magic 'Witchcraft', wato laƙabinsa maita, ni dai wannan ban san yadda zan gabatar da shi ga surukata ba. Singafo kuma siyasa suka mayar da abun, in babban baƙo ya zo sai a raɗa wa sabon haɗi sunansa, akwai na Nelson Mandela tun 1997, akwai Dendrobium Margaret Thatcher, akwai na Barack da Michelle Obama na 2016. Furen ƙasar ma haɗi ne, Vanda Miss Joaquim, daga lambun wata Ba'armeniya Agnes Joaquim, an bayyana shi a 1893 aka zaɓe shi furen ƙasa a 1981, shi ma guguwar canjin suna ta taɓa shi yanzu Papilionanthe ake rubutawa. A 1965 Sukarno na Indunusiya ya raɗa wa wani Dendrobium sunan Kim Il Sung, har yau Koriya ta Arewa suna ji da Kimilsungia.

Na dajin ma ba a bar su a baya ba. Phalaenopsis na nufin mai kama da faɗa-wuta, Dendrobium mai rayuwa a bishiya, Paphiopedilum takalmin allahiyar Girkawa ta garin Paphos saboda leɓen furen kamar silifa yake, Cattleya kuma sunan wani Bature ne William Cattley. Akwai dangi mai suna Dracula a duwatsun Kolombiya da Ekwado, ɗaya daga cikinsu Dracula simia in ka leƙa furen fuskar biri zaka gani ƙarara. Akwai wani dangin sunansa Aa, baƙi biyu kacal. Mu ma muna da rabonmu a labarin, Ansellia africana mai ɗigo-ɗigo kamar damisa, wanda ke fitowa a bishiyoyi a sassa da yawa na Afirka har da Najeriya, sunan John Ansell ne, wanda ya biyo tawagar Turawan da suka zo kogin Neja a 1841 ya samo shi a tsibirin Fernando Po da ake kira Bioko yanzu.

Toh duk wannan meye amfaninsa ga mai tukunya biyu a baranda? Amfanin shi ne ɗan haɗi gadon iyayensa yake ci wajen zafi da sanyi da haske, sunan dangin nan na farko shi ke gaya maka gidan da ya fito. In ka ga Miltoniopsis ko Masdevallia ko Cambria ko manyan Cymbidium to 'yan sanyi ne, a Jos ko Mambila mutum zai iya gwadawa, amma a Kano ko Maiduguri ko Zinder inda ake haura digiri 40 a bazara asarar kuɗi ce sai dai in kana da esi da wutar da ba ta ɗaukewa, wanda mun san yadda wannan zancen yake. Masu son zafi su ne Dendrobium irin na Tailan ɗin nan masu shunayya da fari kamar Sonia, da Vanda da Mokara, da 'ya'yan Brassavola nodosa irin su Maikai, su zafi bai dame su ba in akwai ruwa da iska. Phalaenopsis yana tsakiya, ɗan cikin ɗaki ne, yana son inuwa mai haske, amma in zafi ya wuce digiri 35 yana wahala, sanyin da ya yi ƙasa da 15 ma ba ya so, don haka a tsakiyar hunturu kar a bar shi ya kwana a waje.

Mun ce a jikin bishiya suke rayuwa, to kuskuren farko da kowa ke yi shi ne ya tausaya masa ya ce an bar shi ba ƙasa, ya ɗebo ƙasa da takin gargajiya ya cika tukunyar, cikin sati kaɗan saiwoyin sun ruɓe. Abun da ake sa musu ɓawon itace ne gutsu-gutsu, ko gawayi, ko ɓawon kwakwa da aka jiƙa aka zubar da ruwan sau da yawa don gishirin ya fita, ko fasassun tukunyar ƙasa, a tukunya mai huji da yawa. Gawayi da kwakwa kuwa ba sai an yi oda ba. Vanda ma ba ya buƙatar komai, rataye shi ake yi saiwa a sake, sai dai shi kullum sai an jiƙa shi, ranar zafi sau biyu. Saiwar okid tana da wani farin rufi kamar soso, in ta bushe launin azurfa take, in ta sha ruwa ta koma kore, shi ya sa tukunyar roba mai nuna ciki take da amfani, ka duba kawai, in kore ce ka bari, in ta yi fari ka kai shi bakin famfo ka zuba ruwa sosai ya bi ta ƙasa ya tsiyaye. Kar a bar shi zaune a faranti mai ruwa, kuma kar ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen Phalaenopsis inda sabon ganye ke fitowa, ruɓewar wurin nan ita ce ajalinsa, don haka da safe ake ba da ruwa, in ya shiga a tsane da tishu. Shawarar nan da ake yawo da ita ta a ɗora ƙanƙara a kai ni ban yarda da ita ba, shukar da kakanninta ba su taɓa ganin ƙanƙara ba.

Matsalarmu ta gaske bushewar iska ce. Da hunturu fatarmu ma tsagewa take balle saiwar da ke waje, sai ka ga ƙunshin furen da bai buɗe ba ya yi rawaya ya faɗi, ga ƙura ta rufe ganye, ga wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa a bayan ganye da ke son bushewa. Dabarar ita ce a tara tukwanen wuri ɗaya kusa da sauran shuke-shuke, a riƙa jiƙa ƙasan wurin, ko a sa su kusa da randa, a goge ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle duk sati. Amma hunturun yana da alherinsa, Phalaenopsis ba ya fitar da karan fure in zafi ya tsaya sama da digiri 28, sai ya samu 'yan makonni na sanyi-sanyi, manyan gonaki ma da haka suke sarrafa shi su fitar da fure lokacin da kasuwa ke so, mu kuwa Nuwamba da Disamba suna yi mana kyauta. Ruwan burtsatse kuma in mai gishiri ne zaka ga fari-fari a bakin tukunya da kan saiwa ya ƙone, ruwan sama ya fi, a tara a jarka da damina. Taki kuwa na ruwa, kwata ko rabin abun da aka rubuta a jikin gwangwani, lokacin da yake fitar da sabon ganye, sannan lokaci-lokaci a wanke tukunyar da ruwa zalla. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga da ke ɓuya a hammatar ganye auduga da sifirit ke maganinsu. Haske kuma ganye ke faɗa, in ya yi kore shar mai duhu amma ba fure to inuwa ta yi yawa, in ya yi tabo fari ko baƙi rana ta ƙona shi.

In furen ya zube kar ka jefar da shukar, ba mutuwa ta yi ba, Phalaenopsis shekara-shekara yake yi, wani lokaci ma a jikin tsohon karan sai ka ga ɗan jariri ya fito da ganyensa da saiwarsa, ana ce masa keiki, kalmar mutanen Hawai ce mai nufin yaro, in saiwarsa ta kai tsawon yatsa a cire a dasa, kuma shi wannan ya gaji suna har da laƙabi tunda daga jikin uwar ya fito. Shuɗin nan mai ɗaukar ido da ake sayarwa da tsada kuwa fari ne aka yi masa allurar rini a kara, ka duba zaka ga wurin hujin, baɗi fari zai fito. Mai niyyar ya sayo daga waje ya cuso a akwati kuma ya sani okid gaba ɗaya suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare tsirrai da dabbobi, ana neman takardun lafiyar shuka, wasu kamar Paphiopedilum na daji dokarsu ta fi tsanani, ana iya ƙwacewa a filin jirgi.

Wanda katinsa ya ɓata masu harkar suna ce masa NOID, wato ba shi da shaida, zai yi fure lafiya lau amma ba a ba shi lambar yabo, kuma ba a yarda ka kalli hoto ka laƙaba masa suna don garke ɗari na iya kama da juna. Yawancin na masu sayar da fure a bakin titi haka suke, in ka tambaya a ce maka okid ne kawai, fari ko ja. Ni yanzu kati biyu nake yi wa kowace tukunya, da fensir nake rubutawa don maka rana na goge ta cikin wata uku, ɗaya a soke a gefe ɗaya kuma in tura shi can ƙasan gawayin, saboda ƙaramin ɗana ya gano cewa katin nan yana daɗin zarewa.